Rijiyar Zakka

Duk wanda ya taɓa shan ruwan rijiyar gidan Malam Garzali a Wudil zai ba ka labarinsa. Ruwa ne garai-garai, ba zartsi, ga sanyi ko da tsakiyar bazara ce. Rabin layin da ita suka dogara, don famfon unguwar tun da aka kafa shi ba abin da ya tsinana wa kowa sai zama wurin ɗaure awaki. Gidan dai na Malam Garzali ne, amma rijiyar kowa Rijiyar Zakka yake ce mata, saboda Zakka ne ya haƙa ta.

Zakka mutumin Billiri ne. Aikin gyaran famfo a jami'a ya kawo shi Wudil, shi da matarsa Jummai da 'yarsu Miriam tana goye. Suka kama haya a wannan gida da Malam Garzali ya gina a gefen gari. Da Zakka ya ga wahalar ruwa ta ishi matarsa, sai ya nemi izinin tsohon, ya kwashe rani guda yana haƙa in ya taso daga aiki. Ranar da ya ɗaure bakin rijiyar da siminti, ya dafa zai miƙe, simintin bai bushe ba, sai tafin hannunsa ya zauna a wurin raɗau. Jummai ta yi ta faɗa wai ya ɓata aiki. Shi kuwa dariya ya yi, ya ce a bar shi haka nan.

Yanzu Zakka ya rasu, Malam Garzali ma ya bi shi, Miriam ta yi aure a Gombe. Jummai ce kaɗai ta rage a gidan, tana dama kunun zaƙi da zoɓo tana kai wa ɗalibai bakin ƙofar jami'a. Miriam ta yi roƙon duniya ta tattara ta koma wurinta, ta ƙi. In an tambaye ta dalili sai ta ce ta saba da garin. Amma Sakina, maƙwabciyarta ta tsallaken layi, wadda kullum take shigowa ɗiban ruwa, ta sha ganin inda Jummai take ajiye hannunta na hagu in tana jan guga.

Bayan katangar gidan akwai wani tsohon kududdufi inda aka taɓa haƙar ƙasar gini. Shekara da shekaru bai dami kowa ba, in ka ɗebe kukan kwaɗi da damina. Ana nan sai ƙaramar hukuma ta ba wani ɗan kwangila aikin kwashe ƙazantar mayanka ya kai ta can nesa da mutane. Bawan Allahn nan ya dubi nisan dajin, ya dubi kududdufin nan kusa, ya ga wahalar ta mece ce. Tun daga ranar tifarsa take zuwa ta yi ribas har jikin katangar Jummai, ta ɗaga baya, ta zazzage.

Kada ka ɗauka shara ce irin ta leda da toka. Abin da ke cikin tumbin shanu ne, kore sharr, da daskararren jini, da guntayen hanji, da ƙahonni da kofatai da ragowar nama a jikinsu. In rana ta buɗe sai tulin ya kumbura ya riƙa tsattsafo da wani baƙin ruwa mai yauƙi. Manyan ƙudaje masu ƙyalli suka mamaye gidan, har igiyar shanya ba ka ganin launinta. Tsutsotsi suka riƙa hawo katanga suna faɗowa tsakar gida, farare, ƙosassu, kajin Jummai suka ci har suka gaji suka bar musu. Ɗoyi kuwa ba a magana. Ya shiga katifa, ya shiga kayanta na zuwa coci, ya shiga tuwo. Ranar Asabar, washegarin kasuwar kara inda ake cinikin shanu, abin ya fi ƙazanta.

Duk wannan Jummai ta daure, tana share tsutsa tana tofar da yawu. Amma da ruwan sama ya zauna sosai, wata safiya ta jawo guga sai ta ga wani maiƙo yana yawo a saman ruwan. Ta kai hanci. Nan take ta durƙusa a gindin darbejiya tana kakarin amai. Ƙazantar ta bi ta ƙarƙashin ƙasa ta iske rijiyar.

Ta jawo wani tsohon kwanon rufi ta rufe bakin rijiyar, ta koma sayen ruwa wurin 'yan garuwa, ta bi gida-gida tana gargaɗin mata kada a sha. Amma ba ta kulle ƙofarta ba. A layin nan ba a taɓa jin wanda ya hana maƙwabci ruwa ba, kuma ba da ita za a fara ba. Mata suka ci gaba da shigowa suna cewa na wanki ne kawai.

Sakina ce ta kawo mata shawara. Ta ce, "Maman Miriam, rijiyar nan in aka daina zuba musibar nan aka yashe ta, wallahi za ta dawo. Akwai kwamitin jin koke da yake zama a sakatariya duk Laraba. Ki je ki faɗa musu. Ai don irin wannan aka kafa shi."

Laraba na zuwa Jummai ta yi wanka, ta ɗaura zaninta mai kyau, ta cika ƙaramar jarka da ruwan rijiyar, ta hau adaidaita. Ɗakin kwamitin wani dogon zaure ne mai bencina da fanka ɗaya tana juyawa a gajiye. Dattawa uku suna zaune bayan teburi, ɗaya yana gyangyaɗi. Amma mai maganar duka shi ne sakatarensu, Malam Ja'afar, mutum tsaf-tsaf cikin farar shadda, ƙamshin turarensa yana riga shi isowa ko'ina. Kuma a gaskiya yana da fara'a. Ya gaishe ta gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida, ya tambayi damina, ya tambayi gajiyar hanya.

"Sunan fa, Madam?"

"Jummai Zakka, ranka ya daɗe."

"'Yar ina ce?"

"A nan Wudil nake."

"Ban ce ina kike ba. Asali nake tambaya."

"Billiri ne. Amma a garin nan na yi furfura."

Ya ɗaga hannu yana murmushi. "Ba komai, ba komai. Mu nan ba ma nuna bambanci, kowa namu ne. Gidan da kike ciki naki ne?"

"Haya nake."

Sai murmushin ya ɗan ja baya. Ya gyara zama ya yi mata bayani a tsanake, da muryar malamin da ya saba da ɗalibai marasa ganewa. Ya ce a da kowa yana iya kawo koke, sai 'yan siyasa suka mai da wurin dandali, duk lokacin zaɓe a cika mota da mutane a kawo su su yi ta ihu a kan kwatar da ba su taɓa gani ba. Shi ya sa aka yi ƙa'ida. Wanda zai kawo koke a kan aikin hukuma sai mamallakin gida ko fili, wanda katangarsa ta haɗa da wurin da abin ya faru, ya zo da ƙafarsa, ya tsaya gaban kwamiti ya ce shi ne mai wurin. Ɗan haya yau yana nan, gobe ya ƙara gaba.

Jummai ta ce, "Yallaɓai, ni ban ƙara gaba ba. Ga abin da ya kawo ni."

Ta kwance murfin jarkar. Kafin ka ce me, zauren ya ɗauka. Dattijon da ke gyangyaɗi ya farka a firgice yana salati. Malam Ja'afar ya ja kujerarsa baya, ya toshe hanci da hankici.

"Rufe, Madam! Don girman Allah rufe!"

Ta rufe. "Ka ji ko? Abin da yaran layinmu za su sha ke nan."

Ya ciro 'yar kwalbar turare ya shafa a hankicin, ya shaƙa, sannan ya dube ta da idon tausayi. "Ni Ja'afar na ji, kuma wallahi ba daɗi. Amma kwamiti bai ji ba, don ba a kawo masa ta hanyar da zai ji ba. Ki turo mai gidan."

Ta fito tana riƙe da jarkarta. Ba zaginta aka yi ba, ba korarta aka yi ba, har "a sauka lafiya" aka ce mata. Abin da ya fi ba ta haushi ke nan.

Larabar da ta biyo, Bilya mijin Sakina ya ce shi zai je, tun da gidansa nasa ne, kuma kakansa ma a garin aka binne shi. Bai daɗe ba ya dawo yana huci. An tambaye shi ko katangarsa ta haɗa da kududdufin, ya ce layi ne kawai a tsakani. Aka ce to shi ke nan. Ya ce musu wari ai ba ya tsayawa a bakin layi. Malam Ja'afar ya ce haka ne, amma ƙa'ida a nan take tsayawa. Kududdufin kuwa, gefe ɗaya hanya ce, gefe biyu filin hukuma ne. Katanga ɗaya tak ta taɓa shi a duk faɗin duniya, ita ce ta gidan Malam Garzali.

To wa ke da gidan Malam Garzali? Tambayar da kowa a unguwar yake kauce wa ke nan. Tsohon ya bar 'ya'ya maza biyu. Babban, Alhaji Halliru, dillalin shanu ne a kara, kuma ya rantse cewa mahaifinsu ya ba shi gidan kyauta tun yana da rai. Ƙaramin, Tasi'u, malamin makaranta ne a Kausani, shi kuma ya ce ba a yi haka ba, gidan gado ne, a raba. Dattawan dangi suka hana su zuwa kotu, wai abin kunya ne a riƙa kiran sunan mamaci gaban alƙali a kan gini. Sai aka bar maganar a rataye. Ba a raba ba, ba a bar wa kowa ba, 'yan'uwan suna gaisawa a wurin suna da jana'iza kowa da abin da ke ransa.

Ranar Juma'a Jummai ta kutsa cikin kara, tana tsallake kashin shanu tana kauce wa ƙaho, har ta iske Alhaji Halliru a rumfarsa. Ta gaishe shi, ta zayyana masa komai. Ta zo da shirin roƙo, sai ta ga tun kafin ta gama idanunsa sun yi haske.

Ya ce, "Wato sai mai gida ya tsaya gaban kwamiti ya ce shi ne mai gida? A gaban dattawa?"

"Haka suka ce, Alhaji."

"Maman Miriam, ki kwantar da hankalinki. Gidana ne, ai dole in je. Laraba da sassafe za ki same ni a can."

Ta koma gida da sanyin zuciya, har ta ɗaga kwanon ta leƙa rijiyar kamar mai yi mata albishir. Sai kuma wani tunani ya zo mata. Tasi'u fa? Lokacin yana sakandare, sa'ad da mahaifiyarsa ta rasu, a gidan nan yake yini. Ita take zuba masa abinci tare da Miriam, har yau Mama yake ce mata. Yaya za a yi a tayar da maganar gidan ubansa gaban hukuma, ya ji a bakin mutane? Ai ba tarbiyya ba ce. Ta ɗauki waya ta kira shi, ta gaya masa don ya sani kawai.

Da ta ba Sakina labari, Sakina ta dafe ƙirji. "Kin gaya wa Tasi'u? Wayyo Maman Miriam! Da kin bari an gama tukuna."

"Me na yi? Hakkinsa ne ya sani."

Sakina ta girgiza kai kawai, ta ɗauki bokitinta ta fita.

Ranar Laraba Alhaji Halliru ya zo cikin babbar riga, har da shaidu biyu daga kara da ba wanda ya ce ya kawo. Aka kira maganar. Ya miƙe ya gyara hannun riga, ya yi gyaran murya.

"Ni Halliru Garzali, mamallakin gidan da ke—"

"Ƙarya ne!"

Tasi'u ne daga bencin baya, ƙurar hanyar Kausani a takalmansa. Ya taho gaba. "Ranku ya daɗe, wannan gida ba nasa ba ne. Gado ne, ba a raba ba. In ya faɗi haka a gabanku kuka karɓa, gobe ku zai kira shaida."

"Kai Tasi'u, ni kake ƙaryatawa a cikin mutane? Ni na goya ka!"

"Yaya, girmanka daban, gidan Baba daban."

Zaure ya kaure. Shaidun kara suka shiga, dattawan kwamiti suna ba da haƙuri, masu jiran layi suka miƙe suna kallo. Aka tono maganar wata gona a Indabo, aka tono wanda ya yi jinyar tsoho da wanda bai leƙo ba. Jummai tana tsaye a tsakiya da jarkarta, ba wanda ya ambaci rijiya ko sau ɗaya. Da ta ga abin ba zai ƙare ba sai ta ɗaga murya, abin da ba ta taɓa yi ba gaban maza.

"Alhaji! Tasi'u! Don Allah ku tsaya tare mana! Ku ce gidan ubanku ne, ku biyu, ku ce a daina zuba mushe a bayansa. Shi ke nan fa. Rigimarku ku ci gaba da ita gobe."

Alhaji Halliru ya kawar da kai. "In na tsaya tare da shi, na yarda gado ne ke nan. Ba zan yi ba."

Ta juya ga ƙaramin. "To kai ka bar shi ya faɗa, na yau kawai."

Tasi'u ya sunkuyar da kai. "Mama, in na bar shi ya tsaya shi kaɗai, na yarda kyauta ce ke nan."

Malam Ja'afar ya tafa hannu a hankali. Ya ce kwamiti ba kotu ba ne, ba ya raba gado. Tun da mutum biyu suna jayayya a kan wurin, kwamiti bai san mamallaki ba, kuma in ba mamallaki ba koke. A je a daidaita a dawo, ƙofa a buɗe take. Ya kira na gaba, wani mai kuka da reshen bishiya da ya leƙo masa gida.

A bakin ƙofa Tasi'u ya tare ta, yana murza hannu. "Mama, ki yi haƙuri. Ki fahimce ni. Ina da 'ya'ya."

Ta dube shi tun daga sama har ƙasa. Yaron da take ɗebo wa ruwa a rijiyar nan ya yi alwala, ita da ba sallah take ba, don kada ya makara. Ta tofar da yawu gefe ta wuce.

Tifa ta ci gaba da zuwa. Ruwan sama ya ci gaba da sauka. Ruwan rijiya ya tashi daga maiƙo ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, in ka ɗaga kwanon sai wani tururi mai ɗoyi ya buge ka. Ana cikin haka abin da ake gudu ya faru. Ruwan da aka ce na wanki ne, wani gida aka wanke kwanuka da shi, wani gida yara suka kai baki. Amai da gudawa suka ɓarke a layin. Khaulat, autar Sakina, sai a kafaɗa aka kai ta asibiti idanunta sun faɗa. Allah ya sa ba a rasa rai ba, amma yara da yawa sun sha ƙarin ruwa.

Nan fa aka ga saurin hukuma. Washegari sai ga duba-gari su biyu cikin kakinsu. Ta gefen kududdufin suka biyo, don nan ce hanya, suna toshe hanci suna ɗage ƙafar wando, suka wuce tulin nan da ya fi tsayinsu ba wanda ya waiwaya. Suka shigo gidan, suka ɗaga kwanon, suka leƙa, suka yi tsaki. Babbansu ya ce ana neman ta gaban kwamiti ranar Laraba.

Wannan karon ba ta jira layi ba, ita aka fara kira. Ta duba bencina, ba Alhaji Halliru, ba Tasi'u. An aika musu su ma, amma yau da maganar laifi ce ba wanda yake da gida. Malam Ja'afar ya gaishe ta kamar kullum, ya tambayi jikin yara, sannan ya ce jami'an tsafta sun kawo koke a kanta, cewa tana riƙe da gurɓatacciyar rijiya a gidanta tana barin jama'a suna ɗiba.

Jummai ta ce, "A gidana, ranka ya daɗe? Kwanan baya ka ce ba ni da gida."

"Madam, abu biyu ne, kada ki haɗa su. Kawo koke sai mamallaki. Amsa koke kuwa, duk wanda aka tarar a gidan."

"To na gode wa Allah, yau dai kwamiti yana jina. Ku saurara in gaya muku abin da ya ɓata ruwan. Tifar ɗan kwangilarku ce take zuba—"

"A'a, a'a." Ya ɗaga hannu. "Wannan da kika fara koke ne a kan aikin hukuma, kuma kin san ba kya cikin masu kawo shi. Abin da aka tambaye ki za ki amsa. Rijiyar a cikin gidan da kike take?"

"A ciki take."

"Ruwanta ya ɓaci?"

"Ya ɓaci. Amma wa ya—"

"Mutane sun ɗiba?"

Fankar nan tana ta juyawa. Can ta ce, "Ban taɓa hana kowa ruwa ba."

Dattawan suka haɗa kai suka yi ƙus-ƙus. Malam Ja'afar ya ce saboda shekarunta da zaman lafiyar da aka san ta da shi, an yafe mata tara. Amma don kare lafiyar al'umma za a cike rijiyar. Ya dakata kaɗan, da alama yana jiran godiya. Jummai ta kalli farar shaddar nan da ko ɗigon datti babu, ta ji ƙamshin turaren yana hawa mata kai. Tun da take ba ta taɓa jin ƙyamar ƙamshi ba sai ranar.

Ta koma gida ta yi kukanta ita kaɗai, ta share hawaye. Ta kira Miriam ta gaya mata. Sannan ta lallashi kanta da cewa ai binnewa ce, kuma ta san binnewa. Za a kawo jar ƙasa mai tsabta a zuba, ta roƙe su su bar mata bakin simintin, ta shuka wani abu a tsakiya, ko da na'ana'a ce. Hannun dai zai zauna inda yake.

Ranar Asabar da hantsi suka zo, babban duba-garin nan da leburori da baro da shebur. Leburorin na ɗan kwangilar nan ne dai, don duk aikin tsafta a hannunsa yake. Jummai ta kawo musu benci, ta roƙi a bar bakin simintin, duba-gari ya ce ba damuwa. Ta leƙa waje ba ta ga motar ƙasa ba, ta ɗauka tana tafe. Leburorin suka tura baronsu suka zagaya bayan katanga.

Warin ne ya riga su shigowa. Baro ya shigo tsakar gida cike taf, yana ɗiga, abin jiya na kasuwar kara, kore da baƙi, wani guntun hanji yana reto a gefe, ƙudaje suna binsa kamar 'yan rakiya. Jummai ta daka tsalle ta tare gaban rijiyar, ta ware hannuwa.

"Me zan gani haka? Da wannan za ku cike ta? Da wannan?"

Duba-gari ya yi magana ta cikin hankici. "Madam, cewa aka yi a cike, ba a ce da me ba. Ƙasa sai an je nesa. Wannan ga shi kusa, kuma an rage muku tulin. In an gama za a yayyafa ƙasa a sama."

"Mijina ne ya haƙa ta da hannunsa! Mutane sun sha, sun yi alwala, an yi wa jarirai wanka! Ba ku jin tsoron Allah?"

Sakina ta shigo da gudu ta riƙe ta, ita ma tana kuka tana Allah ya isa. Leburan ya samu hanya, ya kafa tayar baron a jikin simintin ya ɗaga. Abin ya sulale ya tafi, aka ji faɗuwarsa can ƙasa, tim. Wanda bai shiga ba ya zube a bakin rijiyar, ya rufe tafin hannun Zakka.

Duba-gari ya ga yadda take kallon wurin, da alama ya ɗan ji wani abu, don ya sassauta murya. "Ki yi haƙuri, Madam. In kina da ƙorafi a kan yadda ake aikin, kwamiti yana zama ranar Laraba."

Jummai ba ta ko dube shi ba. Ta zame daga hannun Sakina, ta shiga kicin ta ɗauko jarkar ruwan da ta saya don kunun ranar. Ta durƙusa a bakin rijiyar ta tsiyaya. Ita da ko kashin kaza ba ta taɓawa sai da tsintsiya, ta sa hannunta tsirara tana kwashe ƙazantar, tana bin yatsun ɗaya bayan ɗaya, tana ciro tsutsa daga cikin gurbinsu. Ta wanke, ta sake wankewa, har simintin ya fito fes.

Inuwa ta faɗo a kanta. Baro na biyu ne ya iso, leburan yana riƙe da shi yana haki, gumi yana zubo masa.

Ya ce, "Baba, a ɗan matsa."